Motar Wasa Mai Jan Ƙafa

Maigidana direba ne, kuma direban gaske. Shekaru ya yi yana tuƙa wani malamin jami'a a Samaru, ko kaza bai taɓa takawa ba. Ranar da tsautsayi ya same shi ma ba shi ke riƙe da sitiyari ba. Fasinja ne a bas, yana dawowa daga jana'izar wani ɗan uwansu, taya ta fashe. Ya tsira da ransa, amma daga ƙugu zuwa ƙasa babu abin da ke motsi. A farkon shekarun dubu biyu ne, muna zaune a ɗaki biyu na haya a wani gidan mutane da yawa. Ni ina koyarwa a firamare da safe, da yamma in dama sabulun wanki in kai wa masu tireda.

Da aka sallamo shi daga asibiti, mutanen cocinmu suka haɗa hannu suka sayo masa keken guragu. Keken ya zama wurin rataye tawul. Mutumin da ko aski yake yi sai ka ji yana rera waƙa ƙasa-ƙasa, ya juya fuska ga bango ya yi shiru. Idan na ce ga abinci, ya ce to. Idan na ce in fitar da kai ka sha iska, ya ce a'a. Abokansa direbobi suka yi ta zuwa har suka gaji suka ɗauke ƙafa. Yaranmu biyu suka koyi tafiya da sanɗa a cikin gidan ubansu. Na yi lallashi, na yi faɗa, na yi kuka a bayan kicin inda ba wanda zai gan ni, duk a banza.

Ana haka malamin da yake tuƙawa ya gama aikinsa zai bar ƙasar, ya zo sallama ɗauke da kwali. Da ya buɗe sai ga motar wasa, irin wadda ake tuƙawa da rimot daga nesa. Gaskiya raina ya ɓaci. Magidanci da gemu, ya rasa ƙafafunsa, abin da za ka kawo masa shi ne kayan wasan yara? Na haɗiye maganar ne kawai don baƙo.

Ashe ba irin na kasuwa ba ce. Tsawonta ya kai kamu guda, tana da nauyi, tayoyinta na roba mai taushi. Murfinta baƙi ne, amma idan ka kifa ta, farantin da komai ke zaune a kai da 'yan ƙarafan da ke riƙe tayoyi duk na alminiyam ne, ja wur, suna sheƙi. Bayan baƙon ya tafi, maigidana ya miƙa hannu ya jawo ta. Ya juya ta, ya danna taya ɗaya da babban yatsa, sifirin ya lotsa ya dawo. Ya sake dannawa. Sai na ji murya daga kan gado.

"Ke, zo ki ga aiki."

Na zo na ga aiki, ko da yake ban san abin da nake gani ba. Ya ce in sa batirin a caji tun da akwai wuta. Da yamma ta yi ya dubi keken nan da ke ƙarƙashin tawul ya ce, "Tura ni waje."

Daga ranar tsakar gidanmu ta zama titi. Yana zaune da rimot a cinya, motar tana ratsa tsakanin bokitai, ta bi ƙarƙashin igiyar shanya, ta zagaya rijiya. Agwagin maƙwabciyata sun sha wahala. Yakan sa yara su ajiye turmi da tukunya kusa da juna, ya shigar da ita tsakani da baya ba tare da ta taɓa ko ɗaya ba, sannan ya dube ni ta gefen ido ko na gani. Ɗalibai 'yan haya daga gidajen kusa suka riƙa leƙowa, suna zuba masa Turanci da Hausa a haɗe, yana yi musu bayanin yadda ake shan kwana. Da yake yana waje, wannan ta kawo fitila a gyara, wancan ya kawo rediyo. Ya koma aski. Wata safiya ina haɗa littattafan makaranta na ji waƙar nan ƙasa-ƙasa daga ƙofar ɗaki, sai da na zauna a bakin gado na ɗan jima kafin in iya fita.

Bayan an gama girbi surukata ta zo daga ƙauyensu, can gaba da Bomo, za ta zauna da mu ta taya ni jinya. Inna muke ce mata. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce mai zafin nama, ba ta iya ganin tsinke a ƙasa ta wuce. Maigidana ɗanta ne na fari, don haka tun da na shigo gidansu ban taɓa jin ta kira sunansa ba, ban taɓa ganin ta dube shi ido da ido ba, balle ta taɓa shi. Kunyar ɗan fari ke nan, kuma Inna ta riƙe ta da hannu biyu. Ko yana zaune gabanta, ni za ta juyo ta ce wa, "Faɗa wa mijinki ya ci abinci." Ni ce masinja. Ni ke kai saƙo daga wannan kujera zuwa waccan, a tsakar gidan da ko tari ka yi kowa ya ji.

Akwai kuma maganar ja. Inna ta shiga addinin Kirista ne da girmanta, tana da goyo. Mahaifinta mai tsafi ne, kuma ta tashi tana ganin jan zakara da jan ƙyalle a gindin wata tsamiya a bayan gidansu. Tun da ta bar wannan hanya ta bar ja. Ba ta ɗaura jan zane, ba ta sa jan ɗankwali, kyautar jan kwano ma mayar wa mai shi take yi. Manja da tumatir kuwa tana sha hankali kwance, ban taɓa samun ƙarfin halin tambayarta yadda aka yi suka tsira ba.

Ranar da ta iso, tana zaune a tabarma tana shan ruwa, motar ta taho a guje ta tsaya cak a gaban ƙafarta. Maigidana wasa yake yi mata, irin gaisuwar da bakinsa ba zai iya ba. Ta zabura ta kira sunan Yesu. Yara suka nuna mata rimot, suka yi mata bayani, ta gane sarai, don ba wawuya ba ce. Har ta fara murmushi. Sai motar ta juya za ta koma, ta hau wani dutse ta kife, cikinta ya dubi sama, tayoyi suna juyawa. Murmushin ya ɗauke.

Washegari ina tankaɗe ta same ni.

"Malama, faɗa wa mijinki a fitar da motan nan daga gidan nan."

"Saboda me, Inna?"

"Ba ki ga ƙafansa ba? Ja ne."

"Inna, ƙarfe ne. Turawa suka yi shi a haka."

"Ban tambaye ki wanda ya yi ba. Ranan da na bar gidan ubana, ya ce mini waɗanda na juya wa baya za su biyo jansu, kuma ɗan fari suke fara nema. An karɓi ƙafan wannan, sannan ga abu mai jan ƙafa yana gudu a gidan shi ba mai tura shi. Ke ba ki da ido ne?"

Ina da ido. Da idon nan na ga mutum ya kwanta fuska ga bango wata da watanni, da shi kuma na ga abin da ya tashe shi. Na faɗa mata haka, cikin ladabi iya yadda zan iya, wanda na san bai kai yadda ake so ba. Ta ce ba ta ja da ni, amma ba za ta ci abinci a gida ɗaya da abin ba. Ta kuwa cika alkawari. Na kai tuwo, na ɗauke tuwo. Na kai koko, ya yi sanyi ya kama fata. Muka kira fasto. Ya zo ya yi addu'a, ya ce babu komai a jikin ƙarfe, har ya karɓi rimot ya gwada ya buga motar da bokiti. Yana fita Inna ta ce yaron kirki ne, amma haifaffen birni ne, bai ga abin da ta gani ba.

Maigidana yana jin duk wannan daga kekensa. Uwarsa na zaune da yunwa saboda shi, ga shi ba za ta yi masa magana ba, shi ma ba zai yi mata ba. Ya kira ni ɗaki.

"Tambaye ta, idan an cire jan, motar za ta zauna?"

Na fita na tambaya. Ta ce idan babu ja ba ruwanta da ita. Na dawo na faɗa. Ya ce, "To, a cire." Kamar ɗankwali ne za a kwance. Na ce masa wa zai cire? Ya dube ni, na dubi kaina, don babu wani a wurin.

Ya sa aka ɗora masa faranti a cinya, ya kwance motar kaf. Kowace ƙusa ya jefa a gwangwanin madara, injin da wayoyi ya naɗe a tsumma, jajayen ƙarafan ya tara mini a gefe. Na fara da kananzir, ko gezau. Na goga fetur, sai ƙara sheƙi suka yi. Na sa ruwan zafi da sabuluna, wanda ke cire dattin kayan bakanike, jan ya tsaya yana kallona.

Ranar da ba makaranta na ƙulle su a leda na hau bas zuwa Sabon Gari, layin masu feshin mota. Wani mai fenti da hannunsa ya rine har gwiwa ya karɓi ɗaya, ya jiƙa auduga da ruwan wanke fentinsu ya murza, ya duba audugar, fara tas. Ya kankara da farce.

"Madam, wannan ba fenti ba ne. Launin a cikin fatar ƙarfen yake. In na sa samfefa zan cinye miki shi, ga lunguna ba za su fita ba. Kawo in fesa miki baƙi a kai, ba wanda zai sani."

Na ji daɗin shawarar, amma na ce bari in tambayo. Na sake hawa bas na dawo Samaru cikin rana, na durƙusa na gabatar. Inna ko ɗago kai ba ta yi ba.

"In kin rufe ja da baƙi, ina jan ya tafi?"

Na tashi na shiga kicin na rufe ƙofa, na faɗa wa tukwane abin da ba zan iya faɗa mata ba. Ina cikin faɗan idona ya sauka kan wani tsohon kofi shuɗi, irin na alminiyam ɗin nan masu launi da ake sa wa amare a kaya. A gefensa akwai farin tabo. Na tuna yadda ya samu: ruwan soda ne ya fantsama masa wata rana ina dama sabulu. Duk mai sabulu ta san ba a dama soda a tukunyar alminiyam, don cin ta take yi. Ban taɓa tunanin wannan mugun halin nata zai yi mini rana ba.

Da na gaya wa maigidana, sai ya damu. Ya ce idan tana cin launi to tana cin ƙarfen, kuma 'yan ramukan da ƙusoshi ke shiga idan suka buɗe ko kaɗan, tayoyi za su riƙa rawa. Muka yi shawara a gwada da ƙarami guda, shi yana kallo, ni ina tsomawa.

Ran Asabar da hantsi na fitar da kaya tsakar gida, na kori yara da agwagi. Na zuba ruwan sanyi a tsohuwar robar sabuluna, na barbaɗa soda kaɗan na juya da sanda, na sa leda a hannu biyu na ɗaure. Na ɗaura zare a ƙaramin ƙarfen na saka. Da farko ba abin da ya faru. Can sai 'yan ƙananan kumfa suka fara tashi daga jikinsa, wani wari mai shiga maƙogwaro ya biyo baya, jan ya fara saki yana bin ruwan kamar an jiƙa zoɓo. Maigidana ya miƙo wuya har na ji tsoron zai faɗo daga keke.

"Juya shi. Bari tukuna. Yauwa, cire, cire!"

Na fizgo na jefa a bokitin ruwa. Jan ya tafi, amma abin ya fito baƙi-baƙi kamar gindin tukunya. Na ce shi ke nan mun kashe shi. Na matsa lemun tsami na goga da soson ƙarfe, baƙin ya wanke, sai ga farin alminiyam tas. Ya karɓa, ya sa ƙusa a ramin, ya jijjiga kusa da kunnensa. Ya ce ya yi.

Haka muka bi su ɗaya bayan ɗaya har rana ta take. Shi ne mai cewa cire, ni ce mai tari da hawaye. Babban farantin motar ya fi ba ni wuya, don sai da na riƙa juya shi gefe-gefe, a nan ne leda ta huje ruwan ya shiga ya ƙone ni a wuyan hannu. Tabon yana nan har yau. Inna tana zaune a inuwa daga nesa tana kallon komai. Da na gama ta ce kada in zubar da jan ruwan a cikin gida. Na ɗauki roba, ni malamar makaranta, na bi lungu mutane suna kallona, na kai can bakin kwata na tuttular. Da na dawo na tarar ta jawo kwanon tuwon jiya ta ɗumama tana ci.

Na goge ƙarafan da toka har suka yi ƙyalli, na jera su a babban farantin tsince wake na ɗora a kan katangar kicin su sha iska. Maigidana ya ce farin ma ya fi kyau, ya fi kama da mota ta gaske. Na san ƙarya yake yi don in ji sanyi, kuma na ji. Ya ce Lahadi ba ranar aiki ba ce, Litinin kuma muna da asibiti wajen masu gashin ƙashi, idan mun dawo zai zauna ya haɗa ta a natse.

Ran Litinin muka dawo da la'asar a gajiye. Tun daga ƙofa ya ce in miƙo masa farantin. Na je katanga, babu faranti. Na waiga, ga shi a gaban Inna, cike da wake tana tsincewa.

"Inna, ina ƙarafan da ke kan farantin nan?"

"Waɗanne? Fararen tarkacen nan? Na juye su a tsohon tukunyan nan mai huji na bayan kicin."

Na zagaya bayan kicin. Babu tukunya.

"Ai ɗan gwangwan mai sayen tsofaffin ƙarafa ya wuce ɗazu da kuran shi," in ji ta. "Tun zuwana nake ganin tukunyan yana tara sauro. Na ba shi da abin da ke ciki, ya ba ni roba. Yana ɗakina."

Ban san lokacin da na saki jakar asibiti ba. Na ce Inna, a gabanki na wanke su, a gabanki na ƙone hannuna. Ta ce ita jajaye ta sani, kuma ta ga jan ya bi ruwa an kai kwata, waɗannan kuwa ta ɗauka ɓaraguzan murfin tukunya ne. Idonta dai ba shi da ƙarfi, wannan gaskiya ne. Amma idon da ya hango jan ciki a motar da ke gudu, shi ne ya kasa gane abin da ya wuni yana kallo? Na sha juya wannan tambaya a raina. Wani lokaci in ce da gangan ta yi, wani lokaci in ce tsufa ne da son share-share. Rashin sanin nan ya fi komai ci mini rai, don ban san irin fushin da ya kamata in yi ba.

Gwangwanin ƙusoshi na cinyar maigidana, ya rufe shi da tafin hannu.

Na bazama lungunan Samaru ina tambayar ɗan gwangwan mai kura. Wannan ya ce ya yi gabas, wancan ya ce ya yi hanyar kasuwa. Wani mai faci ya ce mini in daina wahalar da kaina, duk abin da suka tara na alminiyam Sabon Gari suke kaiwa wajen masu zubin tukwanen dalma. Washegari na aika makaranta cewa ba ni da lafiya, wanda ba ƙarya ba ne, na tari ɗan acaba.

Rumfunan masu zubi suna can bayan kasuwa, hayaƙi ya mayar da komai toka-toka. Ga tsibin tsofaffin tukwane da gwangwanaye da ƙarafan injin, ga murhu ana hura shi da ƙafar keke, ga akwatunan yashi da ake zuba narkakken ƙarfe a ciki. Na bi rumfa-rumfa ina kwatance da hannu kamar mahaukaciya. A rumfa ta kusa da ƙarshe na hango tukunyata a kan tsibi. Na gane ta da wayar da na ɗaure kunnenta. An riga an sare ta gida biyu. Na ɗaga, babu komai a ƙarƙashi.

Mai rumfar, wani dattijo mai ƙonannen gira, ya saurare ni har na gama.

"Ƙanana masu ramuka? Farare tas? Na gan su. Ƙarfe mai kyau, ba datti ko kaɗan. Su muka fara jefawa da safen nan."

Na tambaye shi ko ɗaya bai rage ba. Ya sa ƙafa ya tona toka don in gani da idona.

"Ki yi haƙuri, baiwar Allah. Da masu launi ne da kin same su. Irin waɗannan idan sun zo da ja ko shuɗi ware su muke yi, masu acaba na son su suna rataya makulli. Fari kuwa ba ma ko dubawa, wuta kawai."

Na tsaya ina kallonsa. Wato jan nan da na bi da kananzir, na bi da fetur, na hau bas na sauka saboda shi, na ƙone hannuna na kai shi kwata, shi ne kaɗai abin da zai cece su. Dattijon ya ga yadda fuskata ta yi, ya ɗauko wani sabon ludayi daga cikin waɗanda ke shan iska, da ɗuminsa, ya ce daga zubin safen ne, in tafi da shi kyauta. Da kyakkyawar niyya ya yi, amma na ce ya riƙe ludayinsa. Me zan ce wa mutumin da ke jira a gida? Ga motarka, a kwashe miya?

A kan acaba na shirya maganganun da zan faɗa wa Inna, kuma na yi niyyar wannan karon ba ladabi. Na shiga gida da su a bakina.

Maigidana yana tsakar gida a kekensa, fuskarsa na kallon ƙofa, rimot a cinya. Ya dubi hannuwana, ya ga ba komai, ya sauke kai. A gabansa kuwa Inna ce durƙushe a ƙasa. Ta naɗe masa wando zuwa gwiwa, ta sa ƙafafunsa biyu a cikin sabuwar roba mai faɗi, tana cuɗa su da ruwan ɗumi da hannunta. Matar da tun da ta yaye shi ba ta taɓa shi ba. Robar kuwa ja ce. Ja wur, ta fi ƙarafan nan ja.

Duk maganganun da na shirya suka watse, guda ɗaya ta rage.

"Inna, wannan robar wane launi ce?"

"Na gani," ta ce, ba ta ɗago ba. "Shi kaɗai ne mai faɗin da ƙafa biyu za su shiga. Na ji kun ce likita ya ce a riƙa gasa mishi."

Ta ƙara ruwa daga buta, ta taɓa da bayan hannu. Sannan ta ɗaga kai ta dube shi, shi kansa, ba ni ba.

"Ruwan bai yi maka zafi ba?"

Ya dubi ƙafafunsa a cikin robar. "Ba na ji, Inna."

Ta ci gaba da cuɗawa. Ni kuwa ina tsaye da fushina, na rasa inda zan ajiye shi. Na so in yi ihu, in ce da za ki iya taɓa ja saboda shi, me ya sa ba ki taɓa tun farko ba? Ban faɗa ba. Da ta gama ta tsane masa ƙafafun da gefen zanenta. Ya miƙo mini rimot ɗin ya ce in sa a kwali. Sannan ya ce, "Tura ni ciki."

Na yi ƙoƙari bayan haka, kada a ce ban yi ba. Na zagaye shagunan Sabon Gari da murfin motar a jaka, ba wanda ya taɓa ganin irinta. Wani mai walda ya ƙera mana ƙafafu na baƙin ƙarfe, suka yi nauyi, tayoyi suka karkace, ta ɗan ja jiki ta tsaya. Malamin da ya kawo ta ya yi nisa, ba mu san inda za mu same shi ba. Maigidana yakan fita tsakar gida daga baya, amma sai an roƙe shi, kuma waƙar nan ban ƙara jin ta ba. Inna ta zauna da mu har damina, kullum da hantsi tana gasa masa ƙafa, suna 'yar hira sama-sama, ba sa neman masinja.

Mutane sun ce mini in duba abin da aka samu, uwa da ɗa sun yi magana. Na duba. Har yau ban yarda sai an narka motar mutum kafin uwarsa ta tambaye shi ko ruwa ya yi zafi ba, kuma duk wanda ya ce in daina jin haushi, ba shi ya tura keken nan ciki ba.

Da Inna za ta koma ƙauye ta bar robar, ta ce ba za ta shiga da ita gidanta ba. Ni na gaje ta. Da tsohuwar robar sabuluna ta fashe sai na koma dama soda a cikinta. Shekara da shekaru ke nan, jan ko dusashewa bai yi ba.